Dokar Haƙori a Gidan Gem ɗin Mu'azu

A karar awaki ta kasuwar Ajingi babu wanda bai san Maiwada dillali ba, don ko ba ka san fuskarsa ba ka san muryarsa. In aka kawo akuya, kafin mai ita ya gama sallama Maiwada ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya ɓare mata baki, ya leƙa, ya ce, "Shekara biyu da wata huɗu, kuma ranar Talata aka haife ta." In mai akuya ya yi gardama sai ya ce ai haƙori ba ya ƙarya, sai dai mai akuya. Tsakani da Allah, yakan dace sau bakwai cikin goma. Sauran ukun kuwa da ƙarfin baki yake cike su.

Abu ɗaya ne yake ci masa tuwo a ƙwarya shekara da shekaru, wato katin wuya. Ƙanensa Kamilu, wanda shi ya goye shi, yana aiki a sakatariya, kullum da kati mai hoto rataye a wuyansa da shuɗiyar igiya. In an je ɗaurin aure Kamilu ake shimfiɗa wa darduma, shi kuwa Maiwada sai a ce masa, "Dillali, yaya kasuwar raguna?" Wallahi abin yana yi masa ciwo, kuma ba ya ɓoyewa.

Wata Juma'a Kamilu ya zo gaisuwa, ya tarar da shi yana cin tuwo.

"Yaya, ka ji sabuwar doka kuwa? Wasannin nan na talabijin da yara ke bugawa, gem. An ce duk wanda ake zubar da jini a cikinsa a sa masa lamba, kada wanda bai kai shekara sha takwas ba ya taɓa shi. Ranar kasuwa mai zuwa wani jami'in kwamitin tacewa zai zo daga Gaya, ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa sa ido a garin nan."

Maiwada ya tsaya da loma a hannu. "Da kati?"

"Da kati mana."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kamilu yana fita Maiwada ya miƙe ya fara zagaya tsakar gida yana gyara wuyan riga, kamar an riga an rataya masa.

Matarsa Barira ta ɗago daga wanke-wanke. "Malam, kai da ko rediyon gidan nan sai an kamo maka tasha, me ka sani a gem?"

"Aikin sanin shekaru ne, Barira. A duk ƙasar Gaya wa ya fi ni?"

"Na awaki."

"Baki baki ne."

"To, a dai bi maganar baki a hankali, kai da ko tsire sai an yanka maka ƙanana."

Bai ma ji ta ba, ya yi nisa a cikin shiri. Dabararsa ita ce ya riga malam masallaci. Zai kama aikin tun yanzu, jami'i ya zo ya same shi a kai dumu-dumu, ya ga babu wanda ya cancanci kati sai shi.

Washegari da hantsi ya ɗora wata rigar kaki ta gwanjo a kan kaftaninsa, ya ɗauki tocila da gwangwanin jan fenti, ya maƙale ambulan ruwan ƙasa a hammata. Babu komai a cikin ambulan ɗin sai tsohuwar takardar rigakafin awaki. Gidan gem ɗaya ne a garin, na Mu'azu ɗan yayarsa, ɗaki guda a bayan tasha mai talabijin biyu da benci uku da fanka, ga janareta yana ruri a waje.

"A kashe komai! Gwamnati ta zo!"

Mu'azu ya dubi ambulan, ya dubi kawunsa. "Kawu, yaushe ka zama gwamnati?"

"Tun kafin a haife ka nake shirin zama. Kawo faya-fayan nan ɗaya bayan ɗaya, tacewa za a yi."

Ɗa ba ya musu da kawu a gaban mutane, balle kawu mai ambulan. Mu'azu ya sa na farko, wasan ƙwallo. Maiwada ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Waɗannan ƙartin ina sauran wandonsu?"

"Kawu, 'yan ƙwallo ne."

"Gwiwa a waje a gaban yara? Sha takwas!" Ya dangwala fenti a bayan faifan. Bai tsaya nan ba, sai da ya yago kwalin sabulu ya manne rabin talabijin na ƙasa, ya rufe gwiwoyin kowa.

"Kawu, ai ƙwallon a ƙasa take."

"To su buga da ka."

Na biyu wani ɗan biri ne mai tsalle-tsalle yana tsinkar ayaba, wasan da 'yan firamare suka fi so.

"Gonar wa yake shiga?"

"Ba gonar kowa ba ce, Kawu, zane ne."

"Babu gonar da ba ta da mai ita. Haka ake fara sata, yau ayaba, gobe akuya. Sha takwas!"

Na tseren mota ya ci lamba saboda direban bai tsaya ya ɗauki kowa a hanya ba, ga mutane tsaye a rana. Sannan aka zo kan na faɗa, inda wani ƙato mai guduma yake rotsa kan duk wanda ya tare shi, jini yana fallatsa.

"Kawu, ka ga wannan shi ne ainihin wanda dokar take nufi."

Maiwada ya ƙura wa talabijin ido. Can ya ce, "Wannan sai an zurfafa bincike. Miƙo min abin dannawar."

Aka nuna masa inda ake naushi da inda ake tsalle. Ya ce ya gane tun kafin a gama. Ƙato mai guduma ya shimfiɗe shi kafin ya gyara zama. Ya ce a sake, fanka ce ta kaɗa masa ido. Aka sake, ya ce bencin ne ba daidai ba. Har aka kira azahar Maiwada yana bincike, gumi ya jiƙa kaki sharkaf, yana rantsuwa cewa kafin ranar kasuwa sai ya kai ƙaton nan ƙasa, shi da ya taɓa kayar da bunsurun da ya gagari mahauta uku. Wannan faifan lamba biyu ya dangwala masa.

Da la'asar babu faifan da ya tsira daga jan fenti. Tunda kuwa komai ya zama na manya, sai aikin ya koma bakin ƙofa. A garin da rabin mutane ba su san inda takardar haihuwarsu take ba, sauran rabin ba a taɓa yi musu ba, yaya za a san mai sha takwas? Nan Maiwada ya ce an zo fagensa. Ya bayyana wa jama'a cewa akwai haƙori na ƙarshe can ƙuryar baki, turmin ƙurya, wanda ba ya fitowa sai mutum ya mallaki hankalinsa. Ya ɗauki fenti ya rubuta a bango da manyan baƙaƙe:

BA SHIGA SAI MAI TURMIN ƘURYA. DOKAR GWAMNATI.

Ya kafa kujera a ƙofa, tocila a hannu. Yara suka yi layi suna wage baki, yana haskawa yana korarsu. Har nan dai babu laifi.

Sai ga Kabo direba, wanda yake jigila tsakanin Ajingi da Kano, ya zo buga ƙwallo kafin motarsa ta cika.

"Buɗe."

"Haba Maiwada, ni? 'Ya'yana huɗu fa."

"Ban ce ka buɗe gidanka ba, baki na ce."

Kabo ya buɗe don a rabu lafiya. Maiwada ya haska dama, ya haska hagu, ya girgiza kai. "Babu. Ba ka kai ba."

"Ga furfura a gemuna!"

"Bunsuru ma da gemu ake ganinsa tun yana wata shida. Je ka girma."

Kabo ya koma gindin dalbejiyar da ke fuskantar shagon yana huci. Bai daɗe ba ya sami abokin zama. Baffa, dattijon da ya haura tamanin, kullum yakan shiga shagon ya zauna ƙarƙashin fanka ya yi kallo, bai taɓa taɓa abin dannawa ba. Ya zo zai wuce da sandarsa, Maiwada ya tare.

"Baffa, doka ba ta san tsufa ba. A buɗe."

Baffa ya buɗe. Dasashi ne fayau daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Inna lillahi! Baffa, ai ko na gaba babu."

"Sun yi aikinsu sun tafi, ɗan nan. Ni na riƙe ragon sunan ubanka."

"Wannan tarihi ne, ni kuwa da haƙori nake aiki. A ƙa'ida, wanda ba shi da ko ɗaya bai kai yaye ba."

"To Allah ya raya mu," in ji Baffa, ya juya ya nufi dalbejiya.

Kafin kwana biyu bencin gindin dalbejiya ya cika da magidanta. Akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai wani ango da ko lallen hannunsa bai goge ba. Wani makaniki da Maiwada ya cusa wa yatsa don ya tabbatar, ya datse baki ba da gangan ba, ko kuma da gangan, Allah ne masani. Maiwada ya koma gida da yatsa ɗaure da tsumma, ya ce wa Barira raunin bakin aiki ne, irinsa ake ba wa lambar yabo.

A rana ta uku abin al'ajabi ya auku a Ajingi. Yaran da aka kora jiya da shekaranjiya suka dawo, kowanne da turmin ƙurya fari tas, dama da hagu. Har wani ɗan aji huɗu da bai gama famfara ba, ga giɓi a gaba, ga turmi a baya. Maiwada ya haska ya sake haskawa. Haƙori dai ga shi nan, haƙori kuwa ba ya ƙarya.

"Shiga, ka girma."

Daga gindin dalbejiya Kabo ya ɗaga murya. "Maiwada, wancan ɗana ne na uku! Ya girme ni ke nan?"

"Gyaɗar bana ce, tana da ƙarfi. Da ka ci irinta kana yaro da ba ka zauna a nan ba."

Da ya koma cin abincin rana Barira ta ce, "Malam, yaran unguwa sun dame ni da roƙon farar masara, kowa ƙwaya bibbiyu. Mai shago kuma ya ce cingam ya ƙare a garin nan."

"Noma suke son koya. Kin ga amfanin doka ke nan, ta fara gyara tarbiyya."

Barira ta dube shi, ta ƙara masa miya.

Ranar kasuwa ta zo. Karo na farko cikin shekara ashirin, Maiwada bai leƙa kara ba. Ya sa an goge masa kaki, ya share ƙofar shago da kansa, ya zauna yana kallon hanyar Gaya. A ransa ya gama zana jami'in: ƙaton mutum mai tumbi da babbar riga, a cikin farar mota, da mai buɗe masa ƙofa. A cikin shago kuwa yara sun cika benci uku har da na tsaye, duk sun taru a kan wasan ƙato mai guduma, tunda an rufe musu rabin ƙwallo. A waje magidanta sun yi jugum a inuwa. A gefen ƙofa Inna Hanne tana suyar awara kamar kullum. Tsohuwar ungozoma ce, rabin garin a hannunta suka faɗo duniya.

Wajen sha ɗaya wata bas ta tsaya a tasha, wani siririn mutum ya sauko, gajere, ba gemu ba gashin baki, da 'yar riga mai gajeren hannu da jaka a baya. Ya karanta rubutun bango sau biyu, ya yi sallama zai shiga.

"Kai, ina zuwa? Buɗe baki."

"Ranka ya daɗe, ni na zo ne..."

"Kowa ma zuwa ya yi. Yau muna jiran babban baƙo, ba ni da lokacin 'yan makaranta. Buɗe!"

Kafin baƙon ya ankara, hannun dillali ya riga tunaninsa. Maiwada ya cafki haɓarsa, ya matse kumatu yadda yake yi wa awaki, ya zura tocila.

"Babu! Dama na sani tun daga tafiyarka. Sha biyar, in an yi maka adalci sha shida."

Baƙon ya ƙwace yana shafa muƙamuƙi. "Malam, shekarata talatin da bakwai. A asibiti aka cire min su bara."

"Kowa da labarinsa. Wancan ya ce 'ya'yansa huɗu, wancan ya ce ya ga zamanin Turawa. Ga benci can, je ka zauna da 'yan'uwanka yara."

"Wa ya ba ka wannan aikin?"

Maiwada ya buga ambulan a ƙirji. "Kwamitin tacewa na Gaya. Ni da babban jami'insu kamar Hassan da Hussaini muke, ko jiya mun yi waya."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce, Maiwada, ka fi mu sanin aikin nan."

Baƙon ya sa hannu cikin wuyan rigarsa, ya zaro shuɗiyar igiya. A ƙarshenta ga kati yana lilo, da hoto, da hatimi, da suna: Abdulhakeem, jami'in kwamiti. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tocila ta suɓuce daga hannun Maiwada, batura suka gangara har gindin kaskon awara.

"Ranka ya daɗe... gwaji ne. Na so in nuna maka yadda aikin yake tafiya."

"Na gani, har na ji a muƙamuƙina. Bari in ga na ciki."

Ya ɗaga labule. Mutanen dalbejiya suka taso gaba ɗaya, 'yan kasuwa suka baro rumfunansu, har masu jiran motar Kabo suka biyo baya. Jami'i ya ga kwalin sabulu a rabin talabijin, ya ga ɗan biri da jan fenti, ya ga yara ashirin a gaban wasan da aka kafa dokar dominsa.

"Waɗannan su ne masu sha takwas?"

"Duk na duba su da kaina, ranka ya daɗe. Kowanne da turminsa."

Daidai lokacin ɗan Kabo na uku ya yi abin da ya gagari Maiwada mako guda, ya kai ƙato mai guduma ƙasa. Ɗaki ya ɗauki ihu. Da ihun kuwa sai ga fararen abubuwa suna tsalle daga bakuna, suna zuba a siminti tas-tas. Ɗaya ta faɗa a kan takalmin jami'i. Ya sunkuya ya ɗauka da gefen hankici, ƙwayar masara ce da cingam manne a gindinta. Wata kaza ta kutso ta ƙarƙashin labule ta hau tsince haƙoran manya.

Dariyar da aka yi ranar har a kara aka ji ta. Kabo ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Baffa yana dariya babu abin da ke tare ta.

Jami'i ya share hawayen dariya ya ce, "Jama'a, gwamnati ba ta ce a leƙa bakin kowa ba. Faifai ɗaya ne a nan na manya, ƙwallo da biri na kowa ne. Abin da nake nema kawai wanda ya san shekarun yaran garin nan."

"Wannan ne ya tara mutane?" in ji Inna Hanne, ko tashi ba ta yi ba. Ta nuna da matsamin awara. "Wancan sha ɗaya, daminar da ruwa ya cinye hanyar Toranke na yanke masa cibiya. Na kusa da shi tara, ranar Arfa. Dogon can sha takwas saura wata biyu, kada tsayinsa ya ruɗe ka. Kabo arba'in da ɗaya, da ƙafa ya fito, har yau bai daina ba mutane wahala ba."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, iyaye suna gyaɗa kai. Jami'i ya buɗe jaka ya fito da sabon kati fil, da shuɗiyar igiya, gurbin hoto yana jira. Maiwada ya ga katin nan da ya yi shekara ashirin yana mafarki ya taho, har ya miƙa wuya ba tare da ya sani ba. Katin ya wuce ta gaban hancinsa, ya sauka a kan mayafin Inna Hanne, ya fara shan hayaƙin awara.

Aka ɓanɓare kwali, aka kori yara zuwa wajen ɗan biri, magidanta suka shiga suka zauna ƙarƙashin fanka. Jami'i ya hau bas ya koma Gaya. Maiwada ya tsaya shi kaɗai a rana, kaki ya yi masa nauyi. Kati dai ya tafi. To amma ƙato mai guduma yana nan, kuma yanzu ya ga yadda ake kayar da shi. Ya gyara hula ya nufi labule.

Matsamin awara ya tare ƙofa.

"Buɗe baki."

"Haba Inna, ai an soke dokar. Kuma ke kika karɓi haihuwata."

"An soke wa kowa. Amma rubutun yana bango, hannunka ne, fentin ko bushewa bai gama yi ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Mu'azu, tsinto min baturan nan."

Mutane suka sake fitowa. Barira ma ga ta da kwandon cefane, ta tsaya a baya tana rufe baki da mayafi. Ba yadda ya iya, Maiwada ya wage. Inna ta haska dama, ta haska hagu, ta kira Kabo ya zama shaida.

"Wayam!" in ji Kabo. "Fili ne, ko gero ka shuka ya fito!"

"Wanzami ya cire su tun shekarar aurenmu," in ji Barira. "Rake ne ya cinye su. Na so in tuna masa, ya ce baki baki ne."

Mutumin da ya leƙa bakin awaki dubu da na rabin gari, ashe bai taɓa leƙa nasa ba. Ya juya a hankali. A gindin dalbejiya saura mutum ɗaya, Baffa, wanda ya ce yau iskar waje ta fi masa fanka. Dattijon ya matsa gefe, ya kaɗe ƙurar benci da hannu.

"Zo zauna nan, yaro," ya ce. "Mu jira su fito mana tare."